Ku Tambayi Bakanike: man giya na zuba, amma daga ina?

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa. Saƙonnin da suka shigo wannan karon yawancinsu a kan abu ɗaya ne, yoyon man giya a mota atomatik, shi ya sa na tattara su waje guda, masu tambayar birki da na AC ku yi haƙuri sai fitowa ta gaba insha Allah. Waɗanda tambayarsu ta zo iri ɗaya na haɗe, kowa ya duba zai ga tasa a ciki.

TAMBAYA: Salam Malam, dan Allah a taimaka min. Kullum da safe in na janye motata daga inda take kwana sai na tarar da tabon mai ja-ja a ƙasa, bai fi faɗin tafin hannu ba. Motar kuma lafiyarta lau, tana canza giya yadda ya kamata. Na kai gareji, bakanike ya leƙa ƙasa ko minti ɗaya bai yi ba yace gasket ɗin botom filet ne. An canza, kwana biyu tabon ya dawo wlh kamar ba a taɓa komai ba. Yanzu kuma cewa yake sai an sauke giya. Ya zan yi?
Daga mai mota ƙirar 2009

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kada ka yarda a sauke giyar nan tukuna. Ba wai ina cewa bakaniken naka bai san aiki ba ne, a'a, amma leƙen minti ɗaya ba ya nuna inda mai ke fitowa, inda yake ɗiga kawai yake nunawa. Ka san ɗaki mai yoyo da damina, inda ruwa ke ɗigo maka a kan shimfiɗa ba nan hudar kwanon take ba, sai da ruwan ya bi katako ya yi tafiya kafin ya sauko. To haka man giya yake. Botom filet, wato farantin da man giya ke taruwa a cikinsa, shi ne mafi ƙasa a jikin giyabos, duk man da ya fito daga sama ko daga gefe ƙarshenta nan zai gangaro ya taru a bakinsa ya rataye a kan notika, wanda ya leƙa sai ya ga ɗigo ja a kan kowane noti ya ce ai ga shi nan, gasket ne. Ga kuma iska, in mota na gudu iskar ƙasa na kwasar man tana watsa shi baya, sai ka ga har wajen salansa ya jiƙe alhali ɓarnar tana can gaba.

Abin da za a yi ba wuya gare shi ba, haƙuri kawai yake so. A bari injin ya huce, a wanke jikin giyabos ɗin tas daga sama har ƙasa da feshin wanke birki ko maganin cire maiƙo, ba da fetur ba dan Allah, fetur a ƙarƙashin mota kusa da waya da salansa neman magana ne. A bari ya bushe ƙayau. In da hali a barbaɗa farar hoda a wuraren da ake zargi, ko wadda ake shafa wa jarirai ma ta yi, jan mai a kan farar hoda ba ya ɓuya, za ka ga ya zana siririn layi tun daga inda ya ɓullo. Sai a tuƙa motar minti 10 zuwa 15 ta yi zafi, a hau rami, a haska tocila a bi jiƙar zuwa sama. Wurin da ya fi ko'ina tudu kuma ya fi ko'ina kusa da gaba a cikin wuraren da suka jiƙe, nan ne gidan matsalar.

Wuraren da za a sa wa ido: tiyo biyun nan da ke kai mai lagireto su dawo da shi, musamman bakin kilif da inda roba ta haɗu da ƙarfe, sai gindin bututun geji inda ya shiga giyabos don akwai zoben roba a wajen da ke bushewa, sai sil, wato robar da ke tare mai, na sandar da ke juyawa in ka ja liba daga P zuwa D, sai gindin sensa da soket ɗin waya, sai oyil sil na shaf, wato sandar da ke fita daga giyabos tana juya taya, sai woshar notin juye. Notin juyen nan mutane na raina shi, woshar jikinsa ta aluminiyam ce ko tagulla, sau ɗaya ake matse ta ta baje ta riƙe, in aka maimaita ta sau uku sau huɗu sai ta fara naso.

Akwai wani abu a tambayarka da ya ja hankalina, ka ce da safe kake ganin tabon. In mota ta daɗe a tsaye man da ke cikin tok kwanbata, wato abin nan mai cike da mai da ke tsakanin injin da giya yana isar da ƙarfin injin ga giya, yakan sulalo ya koma ƙasa, lebul ɗin cikin botom filet ya hau sama fiye da yadda yake in injin na aiki, sai ya kai ga zoben bututun geji ko sil ɗin sandar liba waɗanda da rana ba ya kai musu. Don haka a duba sau biyu, bayan tuƙi da kuma bayan ta kwana. Ka shimfiɗa kwali mai tsabta a ƙarƙashinta da daddare, ka yi alamar inda tayoyin gaba suke a jikin kwalin, da safe sai ka san saitin inda ɗigon yake faɗowa. In duk an yi wannan ba a gano ba, akwai kalar da ake zubawa cikin man a haska da fitila mai hasken UV, duk inda ya bi sai ya riƙa ƙyalli. Kuma ko wa zai shiga ƙarƙashin mota kada ya dogara da jak kaɗai, a kafa mata ƙafafun ƙarfe ko a hau rami.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni mace ce ban san komai a harkar mota ba, maigida kuma ya yi tafiya. Na ga wani abu fink-fink yana ɗiga a gaban motar, ƙanena yace man giya ne in daina hawa. Da gaske ne duk abu ja man giya ne?
Daga wata baiwar Allah

AMSA: Barka kadai Hajiya. A'a, ba duk ja ne man giya ba, shi ma man giyan ba dukkansa ne ja ba. Jan nan kala ce ake sa masa a masana'anta don a bambanta shi da bakin mai. Ki dangwala da yatsa ki murza. Man giya santsi gare shi, mai ne sosai, in kin ɗiga shi a farin tishu zai baje ya bar maiƙo kuma ba ya bushewa. Ruwan lagireto na motoci da yawa, irin na Toyota misali, shi ma fink ne, amma shi ruwa-ruwa yake, yana da ɗan ƙamshi mai zaƙi-zaƙi, in ya bushe sai ya bar farin ɓawo ko fink a wajen. Kada dai ki ɗanɗana, guba ne, kuma ki wanke wajen saboda yara da dabbobi. Tunda kin ce a can gaba yake ɗiga zai iya zama ruwan lagireto, zai kuma iya zama tiyon man giya da ke shiga lagireton, to yatsan ne zai raba gardama.

Sannan tsofaffin motoci da yawa man giya ake zuba musu a tukunyar fawa sitiyari, to in ita ke yoyo shi ma ja za ki gani. Ki sa ƙanen naki ya buɗe bonet da safe injin na sanyi ya duba robar ruwan lagireto da tukunyar sitiyari, wadda ta yi ƙasa da layinta ita ce mai laifin. Masu mota mai giyar CVT kuma, wato atomatik ɗin da ba ta da matakan giya, ku sani na wasu kore ne, irin NS-2 na Nissan, shi kuma jan in ya tsufa ruwan ƙasa yake komawa har a ɗauka bakin mai ne. In ɗigo ne jifa-jifa kuma motar na shiga giya ba jinkiri, za ki iya lallaɓawa da ita zuwa gareji mafi kusa. In kuwa zuba yake har yana kwanciya a ƙasa, ƙanenki ya yi gaskiya, a bar ta a wajen bakanike ya zo ya same ta.

TAMBAYA: Oga ni fa motata ba ta taɓa yoyo ba sai da na kai aka yi min juyen man giya aka canza filta. Tun daga ranar take naso ta gefen botom filet. Na koma yaron ya ƙara ɗaure notika, abin ya ƙaru, na sake komawa ya shafe bakin da gam ta waje. Har yanzu dai jiya i yau.
Daga ɗan tasi

AMSA: Kai, wannan ƙarin ɗaurin shi ya ƙarasa ɓata aikin. Notikan botom filet ƙanana ne, ɗaurinsu a yawancin motoci bai wuce newton-mita 8 zuwa 12 ba, abin da wuyan hannu kaɗai zai yi ba sai an sa kafaɗa ba. In aka danna musu ƙarfi gasket ɗin na matsewa ya tsage ko ya tultulo waje ta gefe, sannan shi kansa bakin farantin, da yake siririn ƙarfe ne, sai ya lotsa a zagayen kowace huda. In ka cire shi ka shafa yatsa a bakin za ka ji tudu-tudu a wajen hudojin, to ka ga a wajen noti ya matse amma tsakanin noti da noti ya bar kafa, nan man ke bi. Gam ɗin da aka shafa ta waje kuwa kwalliya ce kawai, gam ba ya kama wurin da ke da maiƙo, kwana kaɗan zai ɓare.

Gyaran shi ne a sake aikin daga farko. A juye man a mazubi mai tsabta, a sauke farantin, a kankare tsohon gasket da gam duka ba tare da an karce jikin giyabos ba don aluminiyam ne, karcewa ɗaya mai zurfi ta zama sabuwar hanyar yoyo. A ɗora bakin farantin a kan wuri mai shafe, a bubbuga tudun nan da ƙaramar guduma a hankali har ya daidaita, in ya lanƙwashe da yawa a nemi wani. A goge ɓangarorin biyu su bushe, a sa sabon gasket mai kyau, a fara ɗaura duk notikan da hannu, sannan a bi su da sifana ana tsallakawa, wannan gefe sai wancan gefe, zagaye biyu ko uku, ba a ɗaure ɗaya tam a wuce na kusa da shi ba. In garejin na da sifana mai awon ƙarfi ya fi.

Maganar gam kuma, a duba yadda motar ta zo. Akwai waɗanda daga masana'anta ba su da gasket, gam na musamman aka sa musu, to waɗannan a sa musu irinsa siriri, a ba shi lokaci ya kama kafin a zuba mai. Wanda ya zo da gasket a bar shi da gasket ɗinsa. Abin da nake ƙi shi ne a labta gam sama da ƙasan gasket wai don a tabbatar, rarar da ta matso ta ciki tana gutsurewa ta faɗa cikin mai, in ta toshe filta ko ta maƙale a ƙananan hanyoyin mai na cikin giya to garin neman gira an rasa ido. Tunda za a buɗe ma, ka sa a nuna maka maganaɗisun da ke kwance a cikin farantin. Laushin toka-toka a jikinsa ba komai ba ne, amma in ka ga ɓarɓashin ƙarfe mai kaifi akwai wata maganar daban.

TAMBAYA: Malam sau biyu ana canza min oyil sil na shaf ɗin gaba ɓangaren direba, kowanne ba ya wata biyu sai ya dawo da zuba. Sil ɗin ne jabu ko me?
Daga wani malamin makaranta

AMSA: Zai iya zama jabu, Malam, amma in sil ya mutu sau biyu a wuri ɗaya ni ba sil ɗin nake fara tuhuma ba. Leɓen sil a kan wuyan shaf yake zaune, shaf na juyawa a cikinsa shekara da shekaru, a hankali robar nan da ƙurar da ke maƙalewa a wajen sai su ci ƙarfen su yi masa siririn kwari a zagaye. A zare shaf ɗin a goge wuyan, ka ja farcenka a kai, in farcen ya maƙale to ko wane irin sil aka sa zai zauna ne a cikin kwarin ya ci gaba da zuba. Maganinsa sabon shaf, ko a sa masa siririyar rigar ƙarfe da ake yi don wannan aikin.

Na biyu, kafin a zare a kama kan shaf ɗin daf da giyabos a girgiza sama da ƙasa. Ɗan motsi kaɗan dole ne, amma in yana kwaram-kwaram to boris ko bushin da ke riƙe shi a ciki ya ci, shaf mai rawa kuwa buɗe bakin sil yake yi. Na uku shi ne hannun mai sawa. Ana buga sil da abin da ya yi daidai da faɗinsa ne ya shiga a miƙe, ba a bi gefe-gefe da sukundireba ba, ɓangaren da ke da ɗan sifirin ya kalli ciki wajen mai, a shafa wa leɓen man giya, kuma lokacin mayar da shaf a tallafe shi kada haƙoran kansa su yanki robar. Sau da yawa a wannan turawar ake kashe sabon sil tun mota ba ta bar gareji ba. A tabbatar kuma shaf ɗin ya shige har kilif ɗinsa ya ce ƙas. Masu motar da ke ja da tayar baya, naku sil ɗin yana wutsiyar giyabos inda farfela ke shiga, duk bayanin nan ya shafe ku.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Tawa matsalar ta ɗaure min kai. Man giya na raguwa a geji amma ko ɗigo ɗaya babu a ƙasa, na shimfiɗa kwali ma ban ga komai ba. Shekaranjiya na zaro gejin sai na ga man ya koma fari-fari fink mai kauri, ba ja garau kamar da ba. Motar kuma ta fara ɗan jinkiri in na sa ribas.
Daga mai jif

AMSA: Wa alaikumus salam. Ranka ya daɗe ka ajiye motar nan yau ɗin nan, kada ka ƙara tada ta. Giya ba ta ƙona mai yadda injin ke ƙona bakin mai, in ya ragu to wani wuri ya tafi, kuma kalar da ka faɗa ta riga ta nuna inda naka ya tafi. A yawancin motoci atomatik akwai ɗan bututu a cikin tankin lagireto da man giya ke bi ya huce, ruwa na waje mai na ciki ba sa haɗuwa. In bututun nan ya tsage ko bakinsa ya ci tsatsa sai su gauraya. Lokacin da injin ke aiki famfon giya na tura mai cikin ruwa, in ka kashe kuma famfon ya tsaya amma lagireto na nan da zafinsa da matsinsa, sai shi kuma ya turo ruwa cikin giya. In injin ya huce sosai ka buɗe murfin lagireto, ina kyautata zaton za ka ga irin wannan kaurin a jikin murfin da cikin robar ruwa.

Abin da ya sa na ce ka ajiye ta, faifan kuloci na cikin giya atomatik wata irin takarda ce aka manne a jikin ƙarfe, ruwa na jiƙa ta ya saki mannin ta fara ɓarewa, ga tsatsa da zai bi ƙarafan. Jinkirin ribas ɗin nan alama ce abin ya fara taɓa su. Wannan matsala sananniya ce, ta yi suna a Nissan Pathfinder da Xterra da Frontier na 2005 zuwa 2010 har kamfanin ya tsawaita garantin lagireton, amma kowace mota mai irin wannan tsari in lagiretonta ya tsufa za ta iya yi. A canza lagireto, a wanke hanyar ruwa, a wanke tiyoyin mai, a yi ta juyen man giya ana maimaitawa har ya fito garau, don juye ɗaya ta ƙasa lita 3 zuwa 4 kawai yake fitarwa, sauran yana cikin kwanbata da hanyoyi. Gaskiya kuma zan faɗa maka, in ruwan ya daɗe a ciki wankin na iya ba ka 'yan watanni ne kawai, ƙarshenta sai an buɗe giyar.

Ga masu raguwar mai ba tabo amma kalarsa ba ta canza ba, akwai wasu maɓoya. Wani yoyon sai mota na gudu yake yi, iska ta kwashe, in ta tsaya ya tsaya, a duba ƙasan motar ta baya za a ga ƙura ta manne ta yi danƙo. Wani a kan salansa yake ɗiga ya ƙone, sai dai ka ji ƙauri in ka tsaya a danja, wannan kuma ba abin wasa ba ne don yana iya kama wuta. Wani a cikin murfin robar ƙasan injin yake taruwa. Giyar Mercedes mai lamba 722.6 an san ta da yoyo ta soket ɗin waya, man ya riƙa bin cikin wayoyin yana hawa har ya kai ga kwamfutar giya, ka zare soket ka gan shi jiƙe sharkaf, alhali 'yan zobban roba ne suka gaji. Motocin da can kuma masu modileta, wata 'yar na'ura a jikin giyabos da ke aiki da iskar injin, in robarta ta fashe injin ne ke zuƙe man ya ƙone shi, sai farin hayaƙi a salansa.

TAMBAYA: Wani abokina yace in sayi maganin tsayar da yoyo na gwangwani in zuba, wani kuma yace ɗan man birki kaɗan ma na yi. Wanne ya fi?
Daga ɗalibi

AMSA: Ƙanena, man birki kam ko a mafarki. Yana kumbura roba, shi ya sa ake ganin kamar ya yi aiki kwana biyu, amma ba sil ɗin da ke yoyo kaɗai zai kumbura ba, duk robobin cikin giya zai bi ya lalata, waɗanda ke riƙe matsin kuloci ma ba zai bari ba. Na gwangwanin shi ma tausasa roba yake yi ta ɗan kumbura, sai dai an auna shi. In tsohon sil ne ya bushe yana ɗan naso zai iya rage shi na wani lokaci. Amma ba ya ɗinke gasket da ya tsage, ba ya toshe tiyo da ya fashe, ba ya cike kwarin shaf. Ni ba na sa shi a motar da ake son a daɗe da ita, a giyar CVT kuwa sam. In tsohuwar mota ce da gyaran ya fi ƙarfinta, to ka san dabara ce ta jan lokaci, ka ci gaba da duba geji.

TAMBAYA: Malam an wanke an duba kamar yadda ake cewa, man daga tsakanin injin da giya yake fitowa, ta wata 'yar huda a ƙasa. Bakanike yace dole a sauke giya saboda sil ɗaya. Ba wata hanya ne?
Daga direban gida

AMSA: A nan kam bakanikenka ya yi gaskiya, babu wata hanya. Amma a fara tabbatar da kalar, don ta wannan hudar abu biyu ke fitowa, jan mai daga sil ɗin gaban giya inda wuyan tok kwanbata ke shiga famfo, ko bakin mai daga sil ɗin bayan injin. Ko wanne ne sai an raba injin da giya, shi ya sa nake ba da shawara tunda an sauke a canza duka biyun lokaci guda, kada wata shida a sake wannan wahalar saboda ɗaya.

Kada kuma a tsaya a sil kawai. A duba wuyan kwanbata ko ya yi kwari ko ya karce, a duba bushin ɗin famfo da wuyan ke juyawa a ciki, in ya ci to shi ya kashe sil ɗin tun farko kuma zai kashe sabon. A duba zoben robar da ke zagaye da famfon, a duba jikin kwanbatan kansa wajen walda ko ya tsage. Wajen mayarwa kuma ga inda ake yin babbar ɓarna: sai an tura kwanbata cikin giya ana juya shi a hankali har ya faɗa mataki biyu ko uku ya zauna can ciki, sannan a haɗa da injin. In bai zauna ba aka ga giyabos ya ƙi haɗe baki da injin aka ce bari a jawo shi da noti, famfo ya fashe kenan, a tada mota ta ƙi motsi. In kana wajen ka ga ana jan giyabos da ƙarfin noti ka ce a tsaya.

TAMBAYA: Barka Malam. Kafin in samu kuɗin gyara ina so in riƙa ƙara mai ina lallaɓawa, amma na duba ko'ina motata ba ta da gejin man giya. Sannan wane mai zan saya, mai shago yace duk ɗaya ne.
Daga wata ma'aikaciyar jinya

AMSA: Barka kadai 'yar'uwa. Ba duk ɗaya ba ne. Dexron na General Motors ne, Mercon na Ford, Toyota na da T-IV da WS, Honda na da DW-1, na CVT kuma daban yake gaba ɗaya, in aka zuba man giya na gama-gari a CVT ana iya kashe ta. Ki duba littafin motar, abin da aka rubuta shi za ki saya.

Motocin da ba su da geji ba a gida ake duba su ba. Akwai noti a gefe ko a ƙasan giyabos, sai an ɗaga motar ta tsaya daidai ba karkace, injin na aiki, man kuma ya kai wani zafi da kamfani ya ƙayyade, galibi tsakanin digiri 30 zuwa 50 gwargwadon mota, ana ganin zafin ne da na'urar da ake jonawa a mota. Sai a buɗe notin, a ƙara mai har ya fara tsiyayowa siriri, a rufe. Don haka ke lallaɓawar nan ba ta yi miki ba, tunda ba ki da hanyar sanin nawa ya rage, gara a nemo yoyon da wuri, sau da yawa ma zoben roba ne ko kilif.

Masu geji kuma, a wuri mai daidai ake dubawa bayan mota ta yi zafi, a taka birki a bi da liba ta kowane giya a dawo P, injin na silo a zaro a goge a mayar a sake zarowa. Tsofaffin Honda ne suka bambanta, su kashe injin ake yi a duba nan take. Tsakanin layin ƙasa da na sama kusan rabin lita ne kacal, don haka kaɗan-kaɗan ake ƙarawa. In ya yi yawa ƙarafan da ke juyawa na kaɗa shi ya yi kumfa, ya yi zafi, ya yi amai ta ɗan hancin numfashi da ke saman giyabos, sai a ga ko'ina ya jiƙe a shiga neman yoyon da babu shi. In ya yi ƙasa kuma famfo iska zai riƙa zuƙa, alamarsa ki sa D motar ta yi jim kafin ta ɗauka, ko ki taka totur injin ya yi ƙara motar ba ta ja, musamman a kwana ko bayan birki, wani lokaci da ɗan kuka siriri. Duk ranar da kika ji haka a hanya, ko kika hango layin mai na bin ki a madubi, ki gangara gefe ki kashe injin nan take, tiyon da ya fashe cikin 'yan mintuna yake zubar da man duka. Kada kuma a ja ta da igiya tayoyin da ke ja suna ƙasa, in injin a kashe yake famfo ba ya juyawa, cikin giyar a bushe zai riƙa gudu. A kira janwe mai ɗaukar mota gaba ɗaya a bayansa.